Manjan Hajiya Salamatu

Majigin ne ya ƙi kamawa, shi ya sa Issoufou ya ɗago kai yana neman mai ceto, sai idonsa ya faɗa a kanta. Tana zaune a layin gaba cikin matan unguwar Boukoki ta Niamey, da ɗan littafi a cinya, tana kallonsa yana ta murɗa wayoyi yana haɗa gumi.

"Malam," ta ce, "ba ka kunna wutar ba hwa."

Mata suka kwashe da dariya. Ɗalibin shekarar ƙarshe a kimiyyar abinci, wanda ya zo wayar da kan jama'a, ga shi an wayar da nasa tun bai buɗe baki ba. Ya danna makunnin, hoto ya fito a bangon ajin, amma shi har aka tashi hankalinsa bai bar layin gaba ba.

Jami'arsu ce ta fito da shirin shiga unguwanni, a ƙarƙashin malamarsu Madam Safiatou. Abu biyu suke kawowa. Na farko ilimin manja: yadda ake tatsarsa, yadda ake adana shi, da yadda wasu marasa tsoron Allah ke zuba masa jan rini don ya ƙara kyan gani. Na biyu labarin wani ƙauye na bakin teku, can kudu, inda Issoufou ya yi wata biyu yana koyon aiki. A can akwai itatuwan da ake kira mangurof, masu tsiro a cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje. Da, matan ƙauyen sare su suke yi su dafa kwakwar manja. Yanzu sun bar su tsaye, suna ɗaukar baƙi a kwale-kwale suna zagayawa da su cikin inuwar, ana kallon tsuntsaye da kaguwa. Madam na son mutanen unguwar Saga su yi irin wannan a bakin kogin Isa.

Da aka tashi, mai littafin ta tsaya.

"Itacen nan, da gaske cikin ruwa yake, ko dabarar hoto ce?"

"Wallahi da ƙahwata na taka saiwarsa. Na zame ma."

"Na yarda. Wanda bai iya kunna wuta ba, zamewa ba ta yi masa wuya."

Sunanta Iklima. Tana karatun yawon buɗe ido da safe, da la'asar tana taya mahaifiyarta zama a rumfa. Mahaifiyar ita ce Hajiya Salamatu, mutuniyar Maradi, wadda ta shekara ashirin da biyu tana sayar da manja a Boukoki. Issoufou ya ce yana da sauran hotuna masu yawa, sai dai ta waya ake turawa. Ta dube shi sama da ƙasa, ta gane sarai, ta ba shi lambar.

Hotuna dai bai wuce biyar ya tura ba, sauran duk zance ne.

"Barka da hantsi, 'yar Boukoki. Yau a labo, ɗakin gwajinmu, na zuba ruwa a inda ba a zubawa. Laifinki ne."

"Likitan manja, ka bar ɗora mini. Tun kahin ka san ni kake ɓarna."

"Gaskiya ne. Amma da ban jin daɗin ɓarnar kamar yanzu."

"Ka ci abinci?"

"In kin ce in ci."

"Ci, Likitana."

Kafin wata biyu, Issoufou ya san hanyar gidansu ido rufe. Ya durƙusa ya gaida Hajiya, ta tambaye shi garinsu, ya ce Tahoua. Ta ce mutanen Adar akwai taurin kai, amma suna da zuciya. Malam Halidu, mahaifin Iklima, tela ne marar yawan magana. Ya dubi yaron ta saman tabarau, ya ce Allah ya yi albarka, ya koma kan kekensa.

Sai dai ba shi kaɗai ke sallama a ƙofar ba. Akwai Nassirou, direban da ke kawo wa Hajiya manja daga kudu. Mahaifinsa marigayi ne ya fara yi mata dako, da ya rasu ɗan ya gaji motar da amanar. Duk dawowarsa sai ya riƙo wa Iklima abarba ko turmin atamfa, ita kuwa sai ta yi godiya ta miƙa wa uwarta. Hajiya na sonsa kamar ɗan cikinta, kuma ba ta ɓoye ba.

Ranar da abin ya faru Asabar ce, a makarantar nan dai da suka fara haɗuwa. An sanar wa mata kowace ta zo da ɗan manjan da take girki da shi, a gwada a gaban kowa. Madam Safiatou ta kafa doka: ba suna, ba nuna mai shago. Kowace kwalba lamba za a liƙa mata, don kada a ci mutuncin kowa.

Iklima ta tsiyayo na rumfarsu da alfahari. Tana so saurayinta ya ɗaga shi ya ce ga manja na gari, ko Hajiya ta ƙara sakin fuska da shi.

Abin da Madam ba ta sani ba, Issoufou ma bai sani ba, shi ne masu manja a Boukoki ba sa rubuta suna. Alama suke yi. Wata ta ɗiga fenti a murfi, wata ta ɗaura tsumma. Hajiya Salamatu shuɗin zare take naɗawa a wuyan kwalba, sau uku, kuma babu macen da ke ɗora tukunya a unguwar da ba ta san zaren nan ba. Shi kuwa gogan shekara biyar yana jami'a a hayin kogi yana cin abincin makaranta, bai taɓa sayen manja da hannunsa ba. A gidan su Iklima ma ba kwalabe yake kallo ba.

Ya gwada shida, biyu suka nuna alamar rini. Ya ɗauki ta bakwai, ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani.

"Ku dubi wannan. Ja wur, gwanin sha'awa. To bari mu gani."

Ya ɗiga a tafin hannunsa, ya murza, ya wanke da sabulu. Manja na gari ɗan rawaya yake bari, ya tafi. Wannan ya zauna daram kamar lalle. Ya sake wankewa, yana nan. Ya juya tafin ya nuna wa jama'a.

"Wanga ya hi duka muni. Sai labo ta tabbatar, amma ni ba zan bai wa yaro shi ba."

Ajin ya yi tsit. Issoufou ya ɗauka bayaninsa ne ya ratsa su, har ya ji daɗi a ransa. Sai wata daga baya ta ce da ƙarfi, "La ilaha illallahu! Ai wannan zaren Hajiya Salamatu ne!"

Ya waiwaya layin gaba. Iklima ta miƙe tsaye, hannunta a baki, hawaye sun cika mata ido. Ta ratsa mata ta fita.

Kafin la'asar labari ya gama unguwa, ya tsallaka har unguwar Talladjé. Wata ma ta ɗauki abin a waya. Washegari Hajiya ta buɗe rumfa ta zauna tun safe har azahar, matan da ta yi wa ɗaurin zanen suna, ta ba su manjan biki, suna wucewa ta gabanta suna kallon wani gefe. Ba rashin ciniki ne ya fi ƙona mata rai ba. Wata tsohuwar maƙwabciyarta ce ta tsaya ta ce, "Hajiya, ashe guba muka daɗe muna ci?"

Issoufou ya kira Iklima ya fi sau ashirin, ba ta ɗauka ba. Ya rubuta:

"Kilima, wallahi ban san alamar Hajiya ba ce. Da na sani da hannuna ya karye kahin in ɗaga ta."

Sai da rana ta kusa faɗuwa amsa ta zo.

"Uwata ba ta ci abinci ba tun jiya. Kar ka sake ce mini Kilima."

Ya shiga labo ya gwada abin da ya rage a kwalbar, yana roƙon Allah ya zama shi ya yi kuskure. Bai taɓa son ya faɗi jarrabawa ba sai ranar. Ya gwada sau uku, ya sa wani abokin karatunsa ya sake ba tare da ya gaya masa na wa ne ba. Amsar ɗaya ce: akwai rini, kuma irin wanda ke cutar da jiki in an daɗe ana ci.

Kwana huɗu bayan haka Hajiya ta aika ya zo. Ya same ta a tsakar gida kan tabarma, Iklima na tsaye a ƙofar ɗaki, Malam Halidu na gefe da carbi. Issoufou ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa nesa.

"Yaro," in ji Hajiya, "mi na yi maka?"

"Ba ki yi mini komi ba sai alheri, Hajiya. Ki gafarce ni. Na yi wauta."

"Shekara ashirin da biyu ban taɓa zuba ko ruwa cikin mai ba. Ɗiyana shi suka ci suka girma. Jikokina shi suke ci."

"Na yarda ba ke kika zuba ba. Amma Hajiya, in za ki bari in gwada bidon man da ake kawo miki tun kahin a sauke..."

"Rufe mini baki!" Ta daki tabarma. "In buɗe kaya gaban wanda ya kawo? Uban Nassirou ya yi mini dako har ya koma ga Allah, ban taɓa kwance murhi a gabansa ba. Mu haka muke ciniki. Wanda ka gwada kayansa, ka kira shi ɓarawo ke nan."

Ta numfasa, ta sassauta murya, kuma sassaucin ya fi tsawar ban tsoro.

"Ga magana guda. Asabar mai zuwa kuna da taro. Ka tashi gaban matan nan ka ce kuskure ka yi, hannunka ne da datti, ko mi ka ga dama. Ka maido mini da sunana. In ka yi, ka turo manyanka, na ba ka Iklima. In ba ka yi ba, kar in sake ganin ƙahwarka a gidan nan."

Issoufou ya ɗaga kai ya dubi Iklima. Idonta na roƙonsa, ba sai ta yi magana ba. Kalma guda ce kawai tsakaninsa da ita. Ya ji zuciyarsa na cewa faɗi mana, wa zai sani? Sai ya tuna matan da za su koma rumfar gobe, su saya, su zuba wa yara a shinkafa da wake.

"Hajiya," ya ce, "zan tashi gaban kowa in ce ke mai gaskiya ce, in ce ni na yi rashin hankali da na ɗaga kwalbarki. Zan durƙusa a kasuwa in kina so. Amma ba zan iya cewa man nan lahiya yake ba. Na gwada shi sau huɗu."

"To tashi."

"Hajiya..."

"Na ce tashi!"

Malam Halidu ya buɗe baki, ya dubi matarsa, ya mai da shi ya rufe. Issoufou ya fita yana haɗa hanya, har ya kai titi bai lura takalminsa a hannu yake ba.

Saƙonta ya riske shi a kan gada.

"Kalma guda ta gagare ka saboda ni. Ashe haka son yake."

"Ina son ki har ban san yadda zan yi da raina ba. Amma in na yi wannan ƙarya, ke ma wata rana ba za ki yarda da maganata ba."

Ta karanta, ta kife wayar.

Sati uku aka yi a haka. Issoufou ya rame, Madam Safiatou har ta tambaye shi ko zazzaɓi ne. Nassirou kuwa kasuwarsa ta buɗe. Kullum yana gidan yana jajantawa, yana cewa 'yan boko ba su san darajar manya ba, an turo su ne su kashe sana'ar talaka. Ya ce a yi haƙuri, mutane za su manta. Ya fara zancen turo magabatansa. Iklima na gaishe shi da ladabi, ta shige ɗaki ta yi kuka. Haushin Issoufou take ji, kewarsa kuma ta fi haushin. Akwai ranar da ta ɗiga man rumfarsu a tafinta a ɓoye, ta wanke, ta daɗe tana kallon jan da ya ƙi fita, amma ta rasa bakin da za ta gaya wa uwarta.

Ana nan sai aka ce mahaifiyar Nassirou na fama da ciwon ƙafa. Hajiya ta ce Iklima ta shirya su je dubiya Talladjé. Suka sami tsohuwar a rumfar tsakar gida, ƙafa a miƙe, tana nuna wa mai aikinta yadda za ta soya miya. Aka gaisa, aka yi ya jiki. Hajiya, da yake idon sana'a ba ya hutu, ta hango man da ake zubawa a tukunya. Ba ja wur ba ne, ruwan lemo ne mai kauri, ƙamshinsa ya cika gidan.

"Yaya, ina kika samo wanga mai? Ba irin namu ba ne."

Tsohuwar ta yi dariya, zuciyarta ɗaya.

"Ai Nassirou ne, Allah ya yi masa albarka. Nawa daban yake kawo mini, ɗan ƙaramin bido. Ya ce kar in kuskura in taɓa na sayarwa, wai na kasuwa ne, an gyara shi don masu son ja. Ya hi shekara biyu da hana ni."

Iklima ta saci kallon uwarta. Hajiya ba ta motsa ba, fuskarta ba ta canja ba, sai dai gefen mayafinta da ta damƙe. Ta ƙarasa dubiyarta tsaf, ta yi addu'a, ta ajiye abin da ta kawo. Suka hau taksi suka koma Boukoki.

Da suka shiga gida ta zauna bakin gado, ta ce, "Ɗebo mini man nan." Ta ɗiga a tafinta, ta murza, ta wanke, ta sake wankewa. Sai ta fashe da kuka irin wanda Iklima ba ta taɓa ji daga bakinta ba.

"Jikokina, Iklima. Da hannuna na ba su."

Abin da ya gudana tsakaninta da Nassirou washegari, a gaban Malam Halidu aka yi shi, kuma bai ɗauki lokaci ba. Ya fara rantse-rantse, ta ce daga gidan uwarka nake. Ya sunkuyar da kai. Ya ce kowa haka yake yi, in man bai yi ja ba mata ba sa saye. Malam Halidu, wanda ba a cika jin muryarsa ba, ya miƙe ya nuna masa ƙofa da kansa.

Taron Asabar ɗin da ta biyo baya a Saga aka yi shi, a bakin kogi, gefen fadamun shinkafa. Masu kwale-kwale sun zo jin yadda za su fara ɗaukar baƙi, mata sun zo daga unguwanni da kwalabensu. Issoufou na tsaye yana bayanin tsibiran da za a riƙa zagayawa, muryarsa ba kuzari, sai ga taksi ta tsaya da bido shida, manyan jarkokin manja, a bayanta. Hajiya Salamatu ta fito, Iklima na biye da ita.

Issoufou ya ce a ransa yau kam sai yadda Allah ya yi.

Hajiya ta ratsa jama'a har gaban tebur. Ba ta dube shi ba. Ta juya ta fuskanci mata, da yawansu ta san su, sun san ta.

"Ni ce Salamatu mai shuɗin zare, ba sai an raɗa ba. Man da yaron nan ya ce akwai rini, akwai rini. Ban zuba ba, Allah shi ne shaidata, amma ban gwada ba, kuma wannan laihina ne. Na riƙe kunyar mai kawo mini kaya, na manta da haƙƙin masu ci. Ku yahe mini. Ga sauran can, Madam ta yi yadda ta ga dama da shi, ba dai cikin mutum ba. Daga yau duk bidon da zai shiga rumhwata, sai an buɗe shi gaban wanda ya kawo."

Tsohuwar maƙwabciyar nan ce ta fara tasowa, ta kama hannun Hajiya ta riƙe, tana share ido da haɓar zane. Wasu suka biyo ta. Wasu kuma suka zauna abinsu suna taɓe baki, don mutane ba sa taɓa haɗuwa a kan abu guda.

Sai a lokacin Hajiya ta juyo.

"Kai kuma, ɗan Adar mai taurin kai. Mutanenku sun san hanyar Niamey, ko sai na aika musu da mota?"

Issoufou ya durƙushe a kan yashi. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Iklima na tsaye taku biyar daga gare shi, kanta a sunkuye, tana danne dariya da kuka lokaci guda.

"Tashi, Likitana, ana kallon ka. Ka yahe mini."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Halidu. Mutanen Tahoua sun cika mota biyu, masu kwale-kwalen Saga sun zo da kifi, Madam Safiatou ta zauna cikin iyaye. Rumfar Hajiya ba ta koma yadda take da ba tukuna, amma kullum ana samun wadda ta dawo.

Da za a fita da amarya, Iklima ta rungume uwarta tana kuka. Hajiya ta sa aka kira ango har ƙofar ɗaki, abin da ba a saba ba. Ta kama hannun 'yarta ta ɗaga.

"Auta, saurara. Na sa ki a gabansa na ce ya yi ƙarya ya ɗauka, yana kuka ya ƙi. Ranar na tsane shi. Yau kuwa ba ni da fargabar inda za ki. In ya ce miki lahiya, to lahiya ce."

Ta juya ga Issoufou.

"Ga ta nan, ɗana. Allah ya ba ku zaman lahiya, ya ba ku zuri'a ta gari, ya sa ku tsufa tare."

Tsakar gida ta amsa da amin, guɗa ta tashi.